Karen Takarda

Naira ɗari biyu na biya a shagon bugu na Gawon Nama,
inji ya yi tari, ya tofo mini karnuka huɗu,
kowanne da ɗuminsa kamar gurasa.
Fari fat, sai baƙin layi da ya yi masa shinge,
kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a karye,
harshe a waje,
ƙafafun gaba a durƙushe
kamar mai jiran fito.

Mai shago ya ce karen kiwo ne na ƙasar sanyi,
wai shi kaɗai yakan tattara tumaki ɗari
kafin makiyayi ya gama ɗaura takalmi.

Kare ba ya shiga gidanmu a Mabera.
Wannan kam a jakata ya shigo,
ya wuce Inna tana jan carbi,
ko haushi bai yi ba.
Ta ɗaga tabarau, ta duba, ta daɗe.
"In dai na kiwo na," ta ce, "ku bar shi shi zamna."

Bazara ta riga mu zuwa gwangwanin kala.
Ja ya manne da kore,
ruwan ɗorawa ya lanƙwashe kamar taliya.
Sai da muka jera su a gindin randa
suka dawo hayyacinsu.

Luba, babbarsu, mai tsoron kuskure,
ta cije leɓe, ta bi layi a hankali
kamar mai tsallaka titin Dandima:
baƙi a baya, fari a ƙirji,
yadda mai shago ya faɗa.

Arzika ya ɗauki ja.
Ba jan tumatir ba, jan akuyar garinmu,
wai don awaki su zaci ɗan ɗakinsu ne
su bi shi ba gardama.

Jabbi ya shafe nasa da shuɗi tun daga hanci.
Na ce, a ina ka taɓa ganin shuɗin kare?
Ya ce daga ƙasar sanyi aka kawo shi,
ga shi babu wuta, fanka ta mutu,
shi ya sa ya sa shi a ruwa.

Sai Ige.
Shekara uku, ga majina, ga ƙarfin hali.
Ta dunƙule kalar lemo a hannu kamar muciya,
ta faro daga wutsiya,
ta fasa shinge,
ta haye gefen takarda,
ta sauka kan tabarma,
ta bi siminti da rarrafe,
ta kewaye turmi sau biyu,
ta wuce ƙarƙashin kujerar Inna,
har bangon da aka yi wa fenti da Sallah.

Luba ta yi ihu: kin ɓata, kin fita layi!
Ige ko waiwaye ba ta yi ba.
"Wanga kare bai tsayawa," in ji ta,
"ni dai bin shi nikai."

Bayan la'asar muka liƙa su da ƙullun koko
a jikin ƙofar kicin,
baƙi, ja, shuɗi,
da takardar Ige da ba kowa a cikinta sai ƙura.
Muka shiga cin tuwo.

Akuyar maƙwabta ta turo ƙyaure,
ta shinshina, ta zaɓi ɗan ɗakinta,
ta fara da kunnen da ke tsaye.
Kafin Arzika ya fito da takalmi a hannu
saura wutsiya tana lilo a bakinta.
Inna ta yi dariya har carbi ya faɗi:
yau ga kiwo ya cinye makiyayi.

Arzika ya yi kuka, ya gaji, ya yi barci.
Gobe zan koma Gawon Nama da wata hamsin.

Amma soso da bokitin da na ɗauko don bango
suna nan inda na ajiye su.
Na haska fitilar waya, na bi layin lemo,
ya hau, ya karkace, ya yi tsalle a kan makunni,
ya tsaya daidai inda hannun Ige ya ƙare.
Daga nan zuwa taga taki ɗaya ne,
tagar kuma a buɗe take.