Taron Yana Hawa na Huɗu

Ƙarfe biyar na bar Agege,
kafin danfo su cika titi da ashar.
Ƙanena Tanimu ya naɗe kekena,
ya cusa a bayan mota tare da farar riga.
Shekara tara ina wannan sammako,
tun da tirela ta karɓi ƙafafuna a hanyar Ibadan,
ta bar mini hannu biyu da abin da na karanta.

A ƙofar asibitinmu da ke Mushin
akwai gangaren siminti, sumul.
Ranar da baƙi suka zo da kyamara aka buɗe shi.
Yau durom uku na ruwa ke zaune a kai,
ga babur ɗin mai gadi ya jingina kamar mai gida.
"Yi haƙuri, Dokta," in ji shi,
da Hausar da ya tsinta a kasuwar albasa.
Haƙuri ai ina da shi buhu-buhu,
sai dai bai iya hawa matakala ba.

Wanda ya zana ginin nan ya ɗauka
mai keke kullum shi ake dubawa.
Bai kawo ranar da mai keke zai riƙe biro,
layi ya miƙe a gabansa ba.
Shi ya sa ɗakin likitoci ke da mataki uku,
ƙofar banɗaki ta gaza kekena da yatsa huɗu.
Na auna.
Na daina shan shayi da safe.

Jiya takarda ta zo da shuɗin hatimi:
an kafa kwamiti saboda irinmu,
an ce in zo in yi jawabi.
Taron yana hawa na huɗu.
Lif kuwa ya rasu tun azumin bara,
ba a ko yi masa sadakar uku ba.

Mista Oyelaran ya ce samari huɗu za su ɗauke ni.
Na ce ya bar su.
An ciro ni daga mota sau ɗaya, ya isa,
ɗauka ta gaba ta makara ce.

Sai na tsaya a gindin matakala
ina jin tafi na gangarowa daga sama.
Wata tsohuwa daga Idi-Araba ta miƙo jikanta,
ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa.
Na ɗora shi a cinyar da ba ta jin nauyi,
na saurari huhunsa, dama da hagu.
Ya murza tayar keken, ya ce,
"Kai ma allura za a yi maka?"
Na ce ni ke rubuta ta.
Ya daɗe yana kallona.

Da azahar Sista Morenike ta shigo da Baba Lamidi kafinta.
Ba wasiƙa, ba sa hannu.
Ya dubi gadon duba marasa lafiya, ya dubi kafaɗata,
ya rage ƙafafun gadon taƙi guda.
Na biya shi kuɗin amala.

Da la'asar sakamakon taro ya sauko:
an amince a duba lamarin.

Hadari ya taso daga wajen teku.
Mai gadi ya gangara da durom ɗinsa ƙarƙashin indararo,
ya tura babur cikin rumfa.
Gangaren ya zama wayam, ruwa na wanke shi.
Na saki birki.