Sikelin Amaro

Ni ce Delfina, mai tsinkar kofi a tsaunukan Belmara,
shekara tamanin da ɗaya, haƙora huɗu suka rage.
Kun ce in faɗi abin da na sani a kan Amaro Kintana.
To ku matso, ba zan ɗaga murya ba.

Na san shi yana yaron awo a gandun Don Baltasar,
siriri kamar tsinke, kunnuwa kamar faifai.
Shi ke rubuta nauyin buhunanmu.
Sikelin gandun nan yana da aljanu:
kilo goma a gadon bayanki, takwas a takarda.
Wata Asabar yaron ya kifar da dutsen awo a gabanmu,
ya ɓamɓaro dalmar da aka liƙe a gindinsa,
ya ɗora a tafin hannun uwata.
Kafin rana ta faɗi an kore shi.
Uwata ta jefa dalmar a gwangwanin gishiri.

Shekara ashirin da uku babu ɗuriyarsa,
sai ga muryarsa a rediyo, ta yi kauri,
yana rantsuwar kama mulki.
Dokarsa ta farko ba ta cika layi biyar ba:
duk sikelin da ke ƙasar nan sai an buga masa hatimi.
Masu gandaye suka yi dariya har da hawaye.
Da ya juyo kan filaye
dariyar ta maƙale musu a wuya.

Na sami kadada biyu da rabi,
gangare, duwatsu sun fi ƙasa yawa,
amma sunana ne a takardar.
'Yata Nelida ta karanta min shi harafi-harafi,
bayan shekara biyu a makarantar da ya buɗe
a tsohon rumbun Don Baltasar.

Kada ku rubuta cewa waliyyi ne.
Madatsar ruwan da ya kafe sai an gina
ta haɗiye ƙauyen Almendra, da cocinsa, da maƙabarta.
Ƙanena Rufino yana kwance a ƙarƙashin ruwan.
In rani ya yi tsanani ana hango kan hasumiya,
sai in tsaya a bakin gaɓa in yi masa addu'a daga nesa.
Ɗan jaridar da ya rubuta wannan ya kwana ɗari a kurkuku.
Amaro ya nemi gafara, i, bayan shekara tara,
laima ce da ta iso bayan ruwa ya ɗauke.

Zaɓe na uku muka ƙi shi. Ni ma ban ba shi ba.
Manyan soja suka je masa da tsakar dare,
suka ce ɗaga gira kawai, tankoki na cike da mai.
Ya dafa musu kofi, ya raka su bakin ƙofa.
Da safe ya miƙa makullai,
ya hau motar haya da akwati ɗaya da ciwon gwiwa.
Kwandasta bai gane shi ba, ya karɓi kuɗin mota cif.

A nan ya mutu, a ɗakin baya na gidan ƙanwarsa.
Gunkin da suka kafa a dandali ya fi shi kyau,
sun rage masa kunnuwa.

Yau rabin filayen an sayar,
gandun ya dawo da sunan kamfani,
rufin makarantar na yoyo a kan allo.
Amma jiya a kasuwa na ga wata yarinya,
ba ta kai sha biyu ba, da buhunta a ka,
ta ce wa mai saye, juya sikelin in ga hatimi.
Ya harare ta. Ya juya.
Na tambaye ta wane ne Amaro Kintana,
ta ce ko ɗan ƙwallo ne?

Ga gwangwanin can, ku sauko da shi.
Ku ɗaga dalmar ku ji.
Ba ta kai ƙwan tantabara ba,
amma kilo biyu take ci a kowane buhu.
In kun gama gani ku mayar min inda take.