Lambar Alli

Mu bakwai ne, in Ohaj ya zo.
Asusunmu gwangwanin madara,
ni ce shugaba, don a ɗakina yake kwana.

Jiya bangon gidan Batulu ya durƙusa
kamar raƙumi, ko nishi babu.
Muka bi duwatsun murjani da alli
har ɗari da sha uku,
kowanne ya gane maƙwabcinsa ranar tashi.

A Sawakin ɗin nan kakana ya jira jirgin Jidda,
shekara tara yana ɗinkin hula.
A wane ɗaki? Oho.
Shi ya sa kowane bango nawa ne.

Ohaj ya ce gishiri ya fi mu haƙuri.
Na ce miƙo allin,
ka kori kyanwar, ta hau kan na sittin.