Yatsa Biyu

Fuseina na dawowa daga asibiti da hantsi,
ta kwana a kan ciwon wasu.
Mu kuwa a Aboabo
a lokacin ne bakinmu ke buɗewa.

Ƙofar ɗakinta falle ɗaya ce,
ka ƙwanƙwasa, ta amsa kamar ganga.
Ta ƙasa akwai rata, yatsa biyu.
Nan rediyona ke bi, da turmin sakwara,
da yaron mota mai kiran Kejetia
kamar ta ci masa bashi.

Na je Anloga na roƙo dusar katako.
Uwarta ta ɗinke tsohon zane, muka ɗura,
ya kwanta a dokin ƙofa
kamar mesa ta ƙoshi.
Robar taya daga Suame, na yanka siri-siri,
na bi gefuna da ƙusa.
Ramin makulli ma ya samu audugarsa.
Na shiga, na rufe,
na ce Sumaila ya ƙwalla ihu.
Sai ka ce daga rijiya.

Kwana uku, ta fito ido jawur.
"Baba, na san shirun nan.
Shi ke sauka a ɗakinmu
in an ja wa mutum mayafi har ka."

Ban ce uffan ba.
Na ja mesar gefe, yatsa biyu.
Tabarya ta shiga, ta gaishe ta.

Kafin a sauke miya
minsharinta ya fito
ya same mu a tsakar gida.