Miliyan Ɗaya, Mu Bakwai

Albasar rani muka sayar a Wurno,
mota guda, mu bakwai, miliyan ɗaya cif.
Labbo ya ce, "Kai da kat taɓa riƙon alli, raba muna."
Na share ƙasa da tafin hannu, na karyo tsinke.

Dubu ɗari da arba'in da biyu,
da ɗari takwas da hamsin da bakwai.
Rabon kowa ke nan.
Saura naira ɗaya.

Suka watse neman shayi. Ni ban tashi ba.
Shekara tara rabona da aji,
ga lamba ta riƙe mini rigar wuya.

Mara ce, ba cika ba,
biyu ta yi sallama, ba a amsa mata ba.
Uku ta shiga, ta sake shiga, ta shiga ta uku.
Sha ɗaya ta samu tabarma, sha uku ma haka,
talatin da bakwai ce ta ja ƙyaure.
Bakwai da ta haife ta fa?
Na gwada ta. Ta shiga, ta fito da saura ɗaya.
Wato abin a jini yake.

Na ninka ta biyu:
biyu, takwas, biyar, bakwai, ɗaya, huɗu.
Su ne dai, wurin zama suka sauya.
Na ninka ta uku, ta huɗu, har shida,
ba baƙo ko guda,
mutum shida suna zagaya akushi,
wanda ke gaba ɗazu ya koma baya,
ba wanda ya ƙetare ɗan'uwansa.

Na tsaga ta tsakiya kamar goro,
na haɗa ɓarin dama da na hagu:
tara, tara, tara.
Sai na yi dariya ni kaɗai,
har wani jaki ya ɗago kai.

Da na ninka ta bakwai, suka tuɓe kamanninsu,
tara shida suka jeru, kai ɗaya, wutsiya ɗaya,
suna leƙen miliyan ta kan katanga,
taki guda ya hana su shiga.

Mande ya dawo yana goge baki.
"Malam, mi kaka kallo ga ƙasa?
Kuɗɗin sun ƙaru?"
Na ce a'a.
"To ina nairar da tar rage?"

Muka laluba aljihu, mu bakwai.
Rabon da wani ya ga ƙwandala
tun kafin ambaliyar da ta ci gonar Altine.
Mai shayi ya ce ko ashana ba ta saye.
Namakka ya ce a yafe wa juna, rana ta yi.

Na yafe.
Amma da dare, bayan an ɗauke wuta,
na rubuta ta a bangon littafin taki:
naira ɗaya, ta mu bakwai.
Na raba ta da fitilar waya.
Ɗaya, huɗu, biyu, takwas, biyar, bakwai,
sai ɗaya kuma, sai huɗu,
har takarda ta ƙare,
Inno ta ce in kashe fitila.