Ina Mai Rigar?

Jaka arba'in ta sefa na ƙirga wa wani direban tirela,
ya miƙo min kyamarar a naɗe cikin tsohuwar safa.
Ni tela ne a Garwa.
Hoto ƙaiƙayi ne, ran Lahadi nake sosawa.

Baba Hamajoda, mai tsohon shagon hoto a Rumde Ajiya,
shi ya koya min lambobin:
yadda ake tsuke idonta in rana ta take,
yadda ake buɗe shi in magariba ta kawo kai.
Manna gwiwar hannu a haƙarƙari,
riƙe numfashi,
sannan ka danna.
Na haddace har ina maimaitawa a bakin keke.

Wata shida ina ɗaukar gadar Binuwai,
kome tangaran, har tsatsar ƙusa sai ka ƙirga.
Na kai masa. Ya juya, ya sake juyawa,
ya ce, "Ɗinki ya yi kyau, tela.
Ina mai rigar?"

Ban yi barci sosai ba ranar.

Wata Lahadi a gaɓa, wurin masu ɗibar yashi,
dorina ta ɗago kai, kusa, har ina jin hucinta.
Na duƙufa kan lambobi, ina murɗa wannan, ina rage wancan.
Ko da na ɗago,
sai zoben ruwa yana faɗaɗa.
Nan Bakari ya ɓullo daga nutso, bokitin yashi a ka,
ruwa na zuba ta gemunsa,
yana yi min dariyar ƙeta.
Yatsana bai nemi izinina ba.

Hoton ya fito dishi-dishi.
Kwalekwale rabi, kogi a karkace
kamar wuyan rigar da sabon yaron shago ya yanka.
Amma dariyar tana nan, jiƙe sharkaf.

Baba ya daɗe bai ce uffan ba.
Can ya ce, "Wannan yana numfashi.
Kada kanka ya kumbura dai,
sa'a ba ta zuwa aiki kullum.
Da hannunka ya san hanya,
da har giɓin bakinsa mun gani."

Yanzu in an ɗauke wuta
nakan zauna da ita a duhu ina murɗawa,
har yatsu su gane ta
yadda ƙafata ta gane fedar keke,
ido ya samu sararin kallon mutane.

Bakari ya zo shago ya ga hoton a bango.
Ya ce, "Wannan ba ni ba ne, ina hancina?"
Ya dawo ran Juma'a da shaddarsa mai ruwan toka,
ya ƙame kamar soja, na ɗauke shi tangaran.
Wancan yana ɗakin matarsa.
Wannan yana bisa kekena,
har yau bai bushe ba.