Asabar a Ramin Tsakuwa

Da sassafe Baba Orval ya loda a-kori-kura:
ƙofar tsohon firjinmu,
kaskon baƙin ƙarfe da Inna ta yi shekara talatin tana suya a ciki,
katifa mai warin gyambo, ƙamus biyu, buhun abincin kare.
Nawa kayan suna cikin kwali. Ban buɗe masa ba tukuna.

Ramin tsakuwa yana arewa da gari,
inda Nebraska ta miƙe, ba itace, ba inuwa,
ƙanƙara ta lafe a gindin ciyawa kamar gishirin da aka zubar.

Ya jera harsasai a kan bargo,
yana kiran kowa da sunansa kamar mai ƙirga jikoki:
ashirin-da-biyu, auta, bai kai ɗan yatsa ba;
milimita tara; arba'in-da-biyar mai ƙaton kai;
sai na farautar barewa, dogo, siriri, ba ya dariya da kowa.

"Toshe kunnenki, Darlene."

Firjin nan da muke wa kallon dutse,
wanda sai da ƙarti uku suka ɗaga shi,
ko auta bai tsaya gaishe shi ba.
Katifa ta yi atishawar auduga, shi ke nan.
Kaskon Inna ya ɗan yi mazantaka,
ya yi ƙara kamar ƙararrawar coci, ya lotsa, ya cije,
a karo na uku ya tsage gida biyu.
Baba ya yi dariya har da tari,
ya rubuta a ɗan littafinsa da guntun fensir.

Ƙamus ne ya ba mu mamaki.
Harsashi ya shiga ta bango, ya ratsa A, ya ratsa B,
ya yi ta cin kalmomi har ya ƙoshi,
muka same shi kwance a tsakiyar harafin R,
da ɗumi, kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.
Na barewa kuwa bai karanta komai ba.
Ya wuce ƙamus biyu, ya tayar da ƙura a bayan tudu.

Sai na buɗe kwalina.

Saman teburin ɗalibi, da sunan wani yaro an karce da biro.
Guntun ƙofar aji da kafinta ya ba ni.
Jakar goyo ruwan hoda mai hoton zomo,
wadda aka manta tun bara, ba wanda ya zo nema.
Na cika ta da littattafan lissafi na aji biyu.

Dariyar Baba ta koma ciki.
"Su nawa ne bana?"
"Goma sha tara."

Ya harbi tebur. Ya harbi ƙofa.
Na leƙa ta hujin, na ga sararin sama, shuɗi, ba ruwansa.
Da aka zo kan jaka, ya ɗaga bindiga, ya sauke.
Ya goge tabarau da gefen riga.
Ya sake ɗagawa.
Mutumin da bai taɓa kuskuren barewa a guje ba,
yau hannunsa na rawa a gaban zomon zane.

"Cire littattafan," in ji shi. "Su kaɗai zan harba."

A hanyar gida ba wanda ya kunna rediyo.
Rabin kasko na ta ƙwal-ƙwal a baya.

Litinin, kafin a buga ƙararrawa,
na ja kantar littattafai, ni kaɗai, taku-taku,
na jingine ta a kusurwar da muke ɓuya ranar atisaye,
na cusa mata duk mai kauri da na samu.
Wendell, mai giɓin haƙori biyu, ya ɗaga hannu:
"Malama, duk waɗannan za mu karanta?"

Harsashin harafin R yana aljihun rigata, ya huce.
Na ce, "Duka. Ku buɗe shafi na tara."